Uwa Mai Ciyarwa da Sauran Kalmomin Latin da Ke Bakinmu



Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai dai ya gindaya sharaɗi biyu: ban da siyasa, ban da roƙon kuɗi, don wai Ma'aji ya riga ya kama wannan fage. To, na zaɓi in yi magana a kan wani harshe da ake cewa ya mutu, alhali ba ranar da za ta fito ta faɗi ba mu furta shi ba, wato Latin, harshen Rumawan dā. Dalilina kuwa shi ne, shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin kotu, na fara daga tafinta na ƙare a magatakarda, kuma ban ga abin da ke firgita talaka a gaban shari'a kamar waɗannan 'yan kalmomi ba. Ba talaka kaɗai ba, har mu 'yan boko. Mun haddace su a aji uku don cin jarrabawa, muna cusa su a wasiƙa don a san mun yi karatu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar abin da suke nufi a gidansu. Da mun tambaya da mun tarar yawancinsu maganganun tsakar gida ne, ba abin tsoro a ciki.

Mu fara da takardar gayyatar da ke aljihun kowannenku. An ce mu zo mu ziyarci alma mater ɗinmu. Mater ita ce uwa, alma kuwa mai ciyarwa, mai reno. Rumawa suna yi wa wasu gumakansu mata wannan kirari, daga baya malaman Turai suka liƙa shi ga makarantu, har Jami'ar Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake ƙidaya kafuwarta daga 1088, ta mai da shi sunanta. Mu kuma an kira mu alumni, jam'in alumnus, wato ɗan riƙo, yaron da ba kai ka haifa ba amma kai ka ciyar da shi. Kalmomin biyu saiwarsu ɗaya, ita ce ciyarwa. Na ga wasu suna murmushi, na san gabza suka tuna da waken nan na ranar Laraba wanda ba a rasa baƙi a cikinsa. Duk da haka ta ciyar da mu, ga shi kuwa wasunmu har kujera ba ta ɗaukarsu.

A takardar dai an ce ƙarfe 10 a.m. Wannan ante meridiem ne, kafin rana ta take tsaka, p.m. kuwa post meridiem, bayan zawali. Da muka hallara Shugaba ya ƙidaya kawuna ya ce quorum ya cika. Ita wannan kalma abin dariya ce, don ma'anarta kawai "waɗanda daga cikinsu". A dā idan Sarkin Ingila zai naɗa alƙalan gunduma, takardar naɗin takan lissafa mutane, sa'an nan ta ware wasu ta ce ba za a zauna ba sai da ɗaya daga cikin waɗannan. Jimlar da ke ware su da quorum take farawa, sai akawuna suka tsinke ta suka mai da ita sunan adadin da taro ba ya yiwuwa sai da shi.

To, ta yaya harshen wani ɗan yanki da ke kewayen birnin Rum ya iso har zaurenmu? Daular Rum ta yamma ta faɗi a 476, amma harshenta bai faɗi tare da ita ba. A bakin jama'a ya narke ya haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da harshen Romaniya, saboda haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, 'yar Latin suke yi. A hannun malamai kuwa ya zauna daram fiye da shekara dubu, shi ne harshen coci da kotu da jami'a. Kwatancinsa a wurinmu Larabci: Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da Fulatanci da Hausa suke magana da jama'a, amma manyan littattafansu da Larabci suka rubuta. Haka Newton, wanda malamin kimiyya ya wahalshe mu da dokokinsa uku, Bature ne ɗan Ingila, amma da Latin ya fitar da babban littafinsa a 1687. Jami'o'in Okasfod da Kambirij ba su daina neman shaidar cin Latin ga mai son shiga ba sai a 1960, shekarar da muka sami mulkin kai. Shi Turanci ba ɗan Latin ba ne, danginsa Jamusanci, amma fiye da rabin kalmominsa daga Latin suka zo, ko kai tsaye ko ta hanyar Faransanci.

Kada ku ɗauka sai da Bature ya zo Latin ya taɓa Hausa. Kalmar takarda daga Buzaye muka karɓe ta, su kuma ta iso musu daga charta ta Rumawan da suka mulki Afirka ta Arewa. Dinarin da malamai ke ƙiyasta sadaki da zakka da shi, sunansa daga denarius ne, kuɗin azurfa na Rum. Wannan denarius ɗin shi ne amsar wata tambaya da ta dame mu a firamare. Kafin naira da kwabo su zo ranar 1 ga Janairu 1973, muna rubuta fam da sule da kwabo da alamun £ da s da d, kuma ba wanda ya gaya mana abin da ya haɗa kwabo da harafin d. To, denarius ne. Alamar fam kuwa harafin L ne aka yi wa ado, daga libra, ma'aunin nauyi na Rumawa. Har watanni haka suke. Yuli da Agusta sunayen masu mulkin Rum ne guda biyu, Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba kuwa ma'anarsu na bakwai, na takwas, na tara, na goma, domin a tsohuwar ƙidayarsu daga Maris shekara take farawa. Malamin aikin gona zai tuna sunayen itatuwa da ya sa mu rera. Kuka ita ce Adansonia digitata, saboda wani Bafaranshe Adanson da ya gan ta a Senegal, da kuma ganyenta mai kama da yatsu. Tsamiya kuwa Tamarindus indica, wanda Larabci ne aka sa wa rigar Latin, asalinsa tamar hindi, dabinon Indiya.

Yanzu ga wadda na tanadar wa malamanmu. Rumawa suna da kalmomi biyu masu kishiyantar juna. Magister daga "fi" take, wato babba, malami. Minister daga "kasa" take, wato ƙarami, bara, mai hidima. Saboda haka a ƙa'idar Latin malamin makaranta shi ne ubangida, minista yaronsa ne. Iyayenmu malamai, ku riƙe wannan ku rage zafi da ita ranar da kuka je bin layin fansho. Ita magister ɗin ita ta haifi majistare, ita ce kuma ta sirance a bakin Turawa har ta zama Mista, wanda ake kiran kowane namiji da shi. Ku dubi ikon Allah, abin da ya faru da mu'allim ke nan a Hausa: ya zama Malam, yau ko mai faci ka tsayar sai ka ce masa Malam. Dakta ma asalinsa mai koyarwa ne, ba mai allura ba. Senatus taron tsofaffi ne, don haka wanda ya fara fassara shi da Majalisar Dattawa ya san aikinsa, ko da yake tsarin mulkinmu ya yarda ɗan shekara 35 ya zama dattijo. Kalmar Turanci ta ɗan takara kuwa daga "fari fat" take, don mai neman muƙami a Rum farar riga yake sawa ya zaga kasuwa yana gaisawa da mutane. Wannan al'ada dai ba ta mutu ba.

Kun ga ke nan kalma idan ta yi ƙaura takan sake hali. Mu ma mun yi wa Larabci haka, don shugul a wurin Balarabe aiki ne, mu kuwa muka mai da shi shagali. Agenda jam'i ce, abubuwan da ya kamata a yi. Bature ya mai da ita tilo, takardar tsarin taro, sa'an nan a zamanin Janar Babangida jaridu suka cika da zancen ɓoyayyiyar ajanda, har yau kuwa in aka ce wane yana da ajanda, ba yabo ba ne. Farfaganda sunan wani ofishi ne da Fafaroma ya kafa a 1622 don yaɗa addininsu, ma'anar kalmar "abin da ya kamata a yaɗa", ba ƙarya a cikinta sai da yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 suka ɓata mata suna. Data ma'anarta "abubuwan da aka bayar", amma jikokina da kuɗina suke sayenta, kuma kullum ta ƙare. Bidiyo "ina gani", bas wutsiyar omnibus ce, "ta kowa da kowa". Ad hoc "don wannan kaɗai", kwamitin da ya kamata ya watse da zarar ya gama aikinsa, ko da yake na san wani da ya shekara takwas. Per diem "a kowace rana" ne kawai, amma ku tambayi duk wanda ya yi aikin gwamnati, zai gaya muku ambulan ce da ake miƙawa bayan taron bita, kuma ita ce ke hana mutane tafiya kafin a rufe.

Duk waɗannan na nishaɗi ne. Inda abin yake da ciwo shi ne kotu, don can jahiltar kalma biyu takan ci gona ko ta ci 'yancin mutum.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Rikicin gona ya kai shi wata kotu da na yi aiki, kafin a kai ni can. Ana cikin shari'a aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sai aka rubuta cewa an ɗage ta sine die. Wani ɗan kai-da-kawo irin masu zama a gindin bishiyar kotu ya ce masa ai shari'a ta mutu, ya koma gida. Ya koma, abokin shari'arsa ya ci gaba da noma gonar damina shida. Da ɗansa ya kawo shi wurina muka buɗe fayil, sai ga shari'a tana nan da ranta. Sine shi ne "babu", die "rana", wato an ɗaga ba a sa rana ba, abin da muke cewa sai baba ta gani. Kowane ɓangare yana da ikon ya nemi a sake sa ranar. Takarda ɗaya ce da bai san zai iya rubutawa ba. A cikin waɗannan shekaru shida biyu daga cikin shaidunsa sun rasu, kuma su ne suka san iyaka.

Ko ku ɗauki alibi. Matasa yanzu sun ɗauka uzuri ne kowane iri, alhali ma'anarta "a wani wuri". Wanda ake tuhuma yana cewa lokacin da aka yi abin ba ya nan, yana wuri kaza tare da wane da wane. Kotunanmu sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa mai wannan kariya ya faɗe ta tun farko, tun a gaban 'yan sanda, da cikakken bayani, don a je a bincika. Wanda ya yi shiru sai a gaban alƙali ya ce ai ranar yana kasuwar ƙauye, ya raunana kansa ko da gaskiya yake faɗi. Na fassara wa mutane da yawa wannan magana bayan lokacinta ya wuce. Prima facie kuma "a kallon farko" ne. In alƙali ya ce akwai shi, yana nufin zargin ya isa a nemi mutum ya kare kansa, ba wai an same shi da laifi ba, amma sau nawa dangi suka fashe da kuka a bayan kotu da jin kalmar? Sub judice "yana ƙarƙashin alƙali", an yi ta don kada surutun waje ya karkata shari'a, sai manya suka mai da ita bargon da suke rufa da shi in ɗan jarida ya matsa. Affidavit "ya rantse". Wannan kam kun san ta, don ta dalilinta wasu da muka shigo aji ɗaya rana ɗaya yanzu sun zama ƙannena da shekara biyar. Ba zan nuna kowa ba.

Akwai locus standi, "wurin tsayawa", wato mene ne naka a cikin maganar har da za ka kawo ƙara. A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya ƙalubalanci naɗin shugaban hukumar zaɓe da Shugaba Shagari ya yi, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wurin tsayawa, ba ta ma shiga cikin gundarin ƙarar ba. Sai a 1987, a ƙarar da Gani Fawehinmi ya kai kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, kotun ta sassauta ƙofar. Akwai ex parte, "daga ɓangare ɗaya", umurnin da alƙali ke bayarwa kafin ya ji ta bakin wanda ake ƙara. An yi shi don gaggawa, kamar a hana rushe gida kafin gari ya waye. Yadda aka mai da shi kun sani: a kwana da shugaban jam'iyya, a tashi an dakatar da shi daga wata kotu mai nisan kwana guda a mota. A Disamba 2021 sai da Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta hukunta alƙalai uku saboda irin waɗannan umurnai masu karo da juna. In kuwa kotu ta ce a koma status quo, "halin da ake ciki", sai ka ga ɓangarori biyu kowa na kiɗa a gidansa wai shi ya yi nasara, domin ba a faɗi halin wace rana ba. Sakatare, ka kwantar da hankalinka, wannan tarihi ne, ba siyasa ba.

Wadda na fi so kowa a ɗakin nan ya koya wa 'ya'yansa ita ce habeas corpus. Ma'anarta "ka zo da jikin". Umurni ne daga alƙali zuwa ga duk wanda ke tsare da mutum, ko ɗan sanda ko gandiroba ko wanda ya fi su, cewa ya kawo shi da ransa da jikinsa gaban kotu, ya faɗi dokar da ta ba shi ikon tsare shi. In ba ta, a sake shi. Majalisar Ingila ta ƙarfafa wannan da doka a 1679, mu kuma muka gaje ta. Mu da muka yi aiki a zamanin soja mun san darajarta, don mun ga ranar da babu ita. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma sabunta. Doka ta 14 ta 1994 ta fito fili ta hana kotu ba da wannan umurni ga wanda aka tsare a ƙarƙashin waccan. Ina zaune a teburina mata suna zuwa da goyo suna tambayar inda mazansu suke, alƙali na ciki, ba abin da zai iya sa wa hannu. An soke Doka ta 2 a 1999. Yau sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san haka? Mutum nawa ne a ɗakin nan?

Abin da zai ba ku mamaki shi ne masu abin sun fara ajiye shi. Tun 1733 doka ta tilasta a riƙa rubuta bayanan kotunan Ingila da Turanci, don jama'a sun koka cewa ana yi musu shari'a da harshen da ba su ji. A Afrilu 1999 kuma, bayan gyaran da Lord Woolf ya jagoranta, kotunan ƙararrakin jama'a na can suka sauke kalmomi irin su ex parte da subpoena, suka sa Turancin da mai sayar da kifi zai gane. Mu da muka ara, mu ne muka riƙe gam, har lauya yakan ji bai ci kuɗinsa ba in bai jefa uku ko huɗu ba. Ni ban ce a kore su duka ba. Wasunsu gajeru ne, sun daɗe, lauyan Kano da na Accra da na Delhi duk sun san abin da suke nufi, wannan kuwa amfani ne. Amma ina ganin duk wadda aka furta a gaban mutumin da gonarsa ko 'yancinsa ke kan tebur, hakkinsa ne a faɗa masa ita da Hausa kafin ya bar ɗakin, kuma Hausa ba ta gaza ba. Muna da sammaci, muna da rantsuwa, muna da hurumi, muna da ɗage zama.

Saboda haka, Shugaba, ina da shawara ɗaya, kuma ba ta kuɗi ba ce, kada Ma'aji ya tashi. A ƙungiyar nan na ƙirga lauyoyi da alƙalai da malaman Hausa da suka isa su zauna su tsamo irin waɗannan kalmomi kamar ɗari, su rubuta ma'anar kowace da Hausa mai sauƙi, da abin da ya kamata mutum ya yi in ya ji an faɗe ta a kansa. A buga a mujallarmu ta baɗi, a ba 'yan aji shida kowa kwafi ɗaya ya kai gida. Ina da tsohon littafin da na riƙa rubuta fassarata a ciki tun ina tafinta, zan miƙa wa duk wanda aka ɗora wa aikin. In an kafa kwamitin, ina roƙon a sa masa ranar kawo rahoto tun yau, a rubuta ta a gaban kowa.

 Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.